Wanda Ya Cinye Tuwonsa Ya Sauka

Ni ba marubuci ba ne. Bokona a firamare ya tsaya, daga nan aka miƙa ni wurin walda, kuma a cikinta na yi furfura. Abin da ya zaunar da ni ina wannan rubutu shi ne abin da na gani a daminar nan, ranar da na kai Yayana asibiti numfashinsa yana fita da ƙyar aka ce mana babu gado. Na ba da labarin a majalisarmu ta bakin shago, aka ce ai haka ƙasar ta koma, mai shayi ya ci gaba da fifita wutarsa. To ni abin ya tsaya mini a wuya. Na san wani asibiti a garin nan na Jos, na kwanta a cikinsa ina saurayi, kuma shi ma cika yake yi har baranda, kada wani ya ce muku da can babu cunkoso. Amma ban taɓa ganin an bar mutum a benci yana neman iska ba alhali wani yana zaune a kan katifa yana tauna nama.

Gemu bai gama fito mini ba lokacin da taifot ta kayar da ni, ana tsakiyar damina. Sanyin Jos na wancan zamani ba irin na yanzu ba ne. Da safe in ka buɗe baki hayaƙi ne ke fita, ruwan famfo kuwa sai ka yi ta maza kafin ka sa hannu. Asibitin dogayen ɗakuna ne na ƙasa masu rufin kwano, itatuwan turare sun kewaye su, in iska ta kaɗa sai ƙamshinsu ya haɗu da warin maganin da ake wanke daɓe da shi. Har yau in na ji wannan wari sai yunwa ta taso mini, don shi ne yake riga amalanken abinci shigowa. E, abinci na ce. Asibiti ne ke ciyar da mara lafiya, yaran yanzu ku yi ta dariya. Amalanken nan yana da ƙafa ɗaya mai kuka, tun daga kicin za ka ji shi yana tafe, kowa ya fara laluben kwanonsa a ƙarƙashin gado. Da safe kunu, da rana shinkafa ko gwate, da yamma tuwo da wata miya wadda ba ta da daɗi amma tana da zafi. Kowane gado da jan bargonsa mai kaushi, yana cizon fata, amma in ka shige cikinsa ruwa yana dukan kwano a sama, wallahi ko a ɗakin Inna ban yi barci irin wannan ba.

Yayana ne ya yi jinyata. Mahaifinmu ya riga ya rasu, Inna kuma ba ta kwana a ɗakin maza, sai ya rufe shagonsa a Kwararafa ya ɗauko tabarma da buta ya tare a ƙarƙashin gadona. Aikin mai jinya a lokacin ba zaman danna waya ba ne. Shi zai kai fo, wato kwanon bahayan mara lafiya, ya wanke, ya cuɗa kwano, ya wanke zanin gado in ka ɓata, ya shanya a kan ciyawa yana duban sama kada hadari ya shammace shi. Kuma ba naka kaɗai kake yi wa ba. In mai jinyar gadon kusa ya tafi gida ɗauko kaya, kai za ka juya masa mara lafiyarsa, ka ba shi ruwa a baki. A gindin famfo ake hira, direba da malamin makaranta, mai carbi da mai zuwa coci, duk a tsugune ana goge kwano da toka. Ranar Lahadi mata masu ɗankwali iri ɗaya su shigo su yi waƙa su raba lemo, ba sa tsallake gadon kowa. Ranar Juma'a wani ɗan kasuwa ya aiko da kunun gyaɗa a bokiti, shi ma haka ake bi da shi gado-gado.

Ɗakin namu yana da sarki. Ba ofis ne ya naɗa shi ba, al'adar wurin ce kawai: wanda ya fi kowa daɗewa a kwance, in yana da hankali, shi ne sarkin ɗaki. Namu wani tsoho ne daga cikin mutanen duwatsun nan, Kirista, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin kuza, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Kuza. Gyambo ne a ƙwaurinsa da ya ƙi warkewa. Hular ulu ba ta barin kansa, littafinsa na addu'a yana ƙarƙashin matashi, amma shi ne yake buga sandarsa a ƙarfen gado da asuba ya ce, “Malamai, ladan naku ya kira, kada ku ce ban faɗa ba.” Hausarsa ba ta san mace ba, kowa namiji ne a bakinsa, har babbar sistar ɗakin. “Sista ya zo, ku ɓoye taba.” Ya san wanda ya yi amai, ya san wanda matarsa ba ta zo ba, ya san wanda yake kuka cikin bargo. Abin da yake yawan faɗa mana shi ne, “Gadon nan ba na ubanka ba ne, ba na ubana ba ne. Aro aka ba mu.” Ni a lokacin na ɗauka surutun tsufa ne.

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar 'yan kasuwa ta kife a hanyar shigowa gari. Manoma ne cike da ita, sun ɗauko dankalin turawa. Muna kwance muka ji ihu da ƙarar motoci, sai ga mutane ana shigowa da su a hannu, jini da taɓo sun haɗu ba ka gane fuska. Aka jera su a baranda, feshin ruwa yana dukansu. Ɗakinmu kuwa babu gado ko ɗaya da ba kowa. Sistar ta tsaya a bakin ƙofa, farar rigarta ta ɓaci, ba ta yi wa kowa lacca ba. Cewa kawai ta yi, “Baba, mutum nawa za ka ba ni?”

Baba Kuza ya yunƙura. Ya jawo sandarsa, ya naɗe bargonsa, ya sauko daga nasa gadon tukuna ya jefa bargon a ƙasa. Sannan ya fara bin gadaje yana ɗingishi, tambaya ɗaya yake yi wa kowa.

“Ka ci tuwo jiya?”

“Na taɓa.”

“Ka cinye?”

In ka ce ba ka iya ba, ya dubi kwanonka ya dubi idonka ya wuce. In ka cinye, ya nuna maka daɓe da sanda. Dokar ke nan, ba ta da wani reshe. Mutumin da ya iya cinye tuwon asibitin nan, in ji shi, ba zai mutu don ya kwana a tabarma ba.

Akwai wani Alhaji mai shagon yadi, an yi masa aikin ƙaba ya warke sarai, jiran cire zare kawai yake. Da aka zo kansa sai ya marairaice murya. “Wallahi Baba loma biyu na yi, ita ma da ƙyar.”

“Loma biyu? Alhaji, ni na ga kwanon. Yaronka ko wankewa bai yi ba, ya ce ka riga shi.”

Ɗaki ya kwashe da dariya, har masu riƙe da ciki. Alhaji ya sauko yana ƙunƙuni, yana cewa shi dai a lura da ɗinkinsa.

Da ya iso kaina ban ma buɗe baki ba, Yaya ya amsa daga ƙasa. “Ya cinye, Baba. Har nawa ya haɗa.”

“To ango, sauka.”

Na ji haushin Yaya ranar, ba zan ɓoye ba. Kaina yana juyawa, ga daɓen siminti kamar ƙanƙara. Ya shimfiɗa mini kwali, ya ɗora tabarma, ya cire rigar sanyinsa ya sa mini, ya ce, “Yi shiru, kai tuwo kake ci, wancan jini yake haɗiya.” Aka ɗora wani manomi a gadona, haƙarƙarinsa sun karye, kowane numfashi sai ya yi ƙara kamar ana jan zarto. Ina kwance a ƙasa ina kallon ƙasan katifar da na saba kwana a kai tana motsi da nauyin wani. Matarsa ba ta jin Hausa sosai, sai ta durƙusa ta riƙe hannuna da hannu biyu tana ta faɗin kalma ɗaya da yarensu. Da safe likita ya zo zagaye, ya gama da na kan gado, ya tattare wandonsa ya tsuguna ya duba mu na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda aka manta, don Baba Kuza yana bayansa yana nuna mu da sanda.

Manomin nan ya rayu. Shekara da shekaru, duk kaka sai ga shi a ƙofar gidanmu da ƙunshin dankali da 'yar acca, ya zauna a zaure ya sha ruwa ya kira ni mai gado. Daga baya rikici ya zo gari ya rabu, shi ya daina shigowa unguwarmu, mu ma muka daina fita tasu hanyar. Ban san ko yana raye ba. Baba Kuza kuwa a ɗakin na bar shi, yana yi wa wani sabon zuwa bayanin inda ake zubar da fo.

Yanzu asibitoci sun yi bene. An sa tayil, an sa gilashi, akwai na'urorin da ban san sunansu ba, har talabijin a bango. Mutane kuma sun yi yawan da ba a taɓa yi ba, daga Tudun Wada, daga Daɗin Kowa, daga ƙauyuka, har daga wasu jihohi, kowa nan yake nufa. Ban ce laifi ne mutum ya nemi magani ba. Amma kafin ka sauko daga keke mai gadi ya riga ya gaya maka babu gado, kamar gaisuwa. Amalanken abinci ya mutu tuntuni, kowa da kularsa, ya juya baya ya ci. Mai jinya ba ya sanin sunan na kusa da shi. Kuma gado yanzu da waya ake nemansa: wa ka sani, wa ya san wani oga, wa zai kira wa. Ni kuwa duk wanda na sani mai walda ne ko mai faci.

Yaya ya tsufa. Zuciyarsa ce ta gaza, ƙafafu suka kumbura, in ya kwanta sai ya ji kamar an danne shi a ruwa. Ranar da abin ya yi tsanani na sa shi a keke muka yi ta yawo cikin yayyafi, nan a ce a cike, can a ce a cike. A na ƙarshe suka karɓe mu, amma a benci, a wani dogon lungu da ke gaban ɗakin maza, cikin jerin wasu irinmu. Wani matashin likita ya duba shi a zaune, ya yi masa allura, ya ce dole sai an kwantar da shi an sa masa iska, kuma iskar a jikin gado take, a cikin ɗaki. Na ce to a shigar da shi mana. Ya ce, “Baba, da akwai wuri da ban bar shi a nan ba,” ya wuce wurin na gaba. Yaya yana jingine da kafaɗata, leɓensa ya fara canza launi, yana jan numfashi yana kallon silin. Mutumin da ya cire rigarsa ya ba ni.

Sai na tashi na tura ƙofar ɗakin na shiga. Ban yi shawara da kowa ba, abin da na sani na yi. Na yi sallama da ƙarfi na ce, “Jama'a, wane ne sarkin ɗakin nan?”

Kowa ya juyo yana kallona. Wani yaro mai jinya ya ce, “Sarkin me?”

Na ce, “To wa ya cinye abincinsa jiya? Ga ɗan'uwana can a waje numfashi yana gagararsa. Wanda ya samu sauƙi ya taimaka ya sauka ƙasa, kafin Allah ya kawo wani gadon.”

Wani ya yi dariya, wani ya ɗaga waya yana ɗaukata. Na nufi wani mutum mai jiki a gadon kusa da taga, yana zaune ya buɗe kula, cinyar kaza a hannunsa. Na ce, “Malam, kai dai na ga alama ka ji sauƙi.”

Ya ajiye naman. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da na samu abokin faɗa. Ya ce, “Baba, bencin nan da ɗan'uwanka yake, ni ma a kansa na kwana na wuni na sake kwana. Wa ya tashi mini? In na sauka yau, gobe ciwon ya dawo, wa zai mayar da ni? Kai?”

A zamaninmu akwai mai mayar da kai. Akwai tsoho da sanda wanda ya san kai ne ka sauka.

Nas ɗin ɗakin ta zo ta kama hannun rigata ta ja ni gefe. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, idonta ya yi ja don gajiya. Ta ce, “Baba, don Allah kada ka ja mini magana. Ko ya yarda ya sauka, ban isa in kwantar da mara lafiya a ƙasa ba, an hana. In wani abu ya same shi ni za a kora. Sallamar mara lafiya kuma ba ni ke yi ba. Tun safe ni kaɗai ce a ɗakin nan, waɗanda muka fara aiki tare duk sun bar ƙasar.”

Na ce, “To 'yata, yaya ake samun gadon?”

Ta waiga can ƙarshen ɗaki, inda aka ja labule aka kewaye wani gado, ƙafafun mutane suna tsaye a ƙasan labulen. Sannan ta ce a hankali, “Ka zauna kusa da ƙofa. Kada ka yi nisa.”

Na koma benci na zauna, na mayar da kan Yaya kafaɗata. Ya ce da ƙyar, “Me suka ce?” Na ce ana gyarawa. Daga nan kunnena bai bar ƙofar nan ba. Da na dubi sauran masu jinya a jerin, sai na ga kowa haka yake, ba mai hira, kowa ya karkata kai wuri ɗaya. Ashe duk sun san abin da ake jira, ni ne baƙo. Aka kira la'asar ban tashi ba, ina tsoron in tafi a yi babu ni. Ruwa yana sauka a waje, amma a ƙarƙashin bene ko ƙararsa ba ka ji.

Can sai kuka ya tashi a ciki, muryar mace. Bakina ya ce innalillahi, ƙafafuna kuwa sun riga sun miƙe. Ba ni kaɗai ba, mu da yawa muka taso muka cushe a bakin ƙofa. Aka turo mamacin a lulluɓe muka buɗa masa hanya, muka sake matsewa. Nas ɗin ta leƙo, ta bi fuskoki da kallo, ta nuna Yaya. Na ji wani yana zagi a bayana, ban waiwaya ba. Katifar ba ta gama bushewa daga maganin da aka goge ta da shi ba muka ɗora shi. Aka sa masa robar iska a hanci da baki. Ina tsaye ina kallo ƙirjinsa ya daina wannan fizga, ya fara hawa da sauka kamar na mutum, leɓensa ya dawo.

Da ya buɗe ido sai ya shafa ƙarfen gadon, ya janye robar kaɗan ya ce, “Wa ya sauka?”

Na ce, “Mayar da abin nan, Yaya.”

“Je ka gode masa. Ka tambayi unguwarsu.”

Na ce to. Na fita na zagaya bayan ginin, na tarar ana ƙoƙarin sa gawar a wata bas, samari biyu da wata dattijuwa, hannu bai ishe su ba. Na kama gefe ɗaya muka ɗaga. Ɗaya daga cikin samarin ya share fuska ya ce, “Mun gode, Baba. Ka san shi ne?” Na ce a'a, ban san shi ba, Allah ya ba ku haƙuri. Suka ja mota suka tafi, ban tambayi unguwa ba.

Yaya ya dawo gida, yana zaune a zaure yanzu da bargo a ƙafa. Tela ne, ko da yake ido ya yi rauni, kuma ya sa a ransa da ya ji ƙarfi zai hau keke ya ɗinka wa mutumin nan riga mu kai masa tare. Ya ce a wannan zamani a samu mai sauka daga gado saboda wani, ai ba a bar shi haka ba. Shekaranjiya ya aiki jikansa ya sayo yadi. Ya kira ni ya ce tunda ni na gan shi, in kwatanta masa, kamar tsayin wa ne.

Na ce masa kamar tsayina.